Ba a Mayar da Kwano Wayam

Ni ne mai gasa burodi a ƙauyen nan na kan dutse,
a kudancin Girka, inda zaitun ya fi mutane yawa.
Tanderu ɗaya gare mu. Gidan kofi biyu.

Na hagu kujerunsa kore, na dama shuɗi,
tsakaninsu taku ashirin da tsohuwar bishiya.
Inda ubanka ya zauna, nan za ka zauna.
Ba wanda ya rubuta wannan doka,
ba kuma wanda ya taɓa tsallake ta.
Yaro kan san launin gidansu kafin ya san baƙaƙe.

Lefteris ɗan kore ne, Zisis ɗan shuɗi.
Benci ɗaya suka goge da wando a firamare,
amma shekara goma sha tara ke nan ko gaisuwa babu,
tun zaɓen da aka fasa gilashin motar wani.
Tambaye su me jam'iyyunsu suka ce kan kuɗin fansho,
kowa sai ya duƙar da kai cikin kofinsa.

Ran Lahadi mata kan kawo mini tire,
naman tunkiya da dankali, lemun tsami a kai.
Nakan sa alama da alli,
in jera su kafaɗa da kafaɗa.
Wuta ba ta tambayar wa ka zaɓa.

Wata Lahadi na miƙa wa Antula tiren Ebdokiya.
Gidan Zisis suka ci girkin gidan Lefteris,
sai da suka kai gindin tire
suka ga sunan a karce da ƙusa.
Zisis ya ajiye cokali.
Ya riga ya yi ƙari sau biyu.

To, akwai wata dokar da ta girmi jam'iyya,
ita ma ba a rubuce take ba:
ba a mayar da kwanon maƙwabci wayam.
Wadda ta yi, har jikokinta za a goranta wa.

Da la'asar, dandali cike,
Antula ta ratso da tiren a wanke,
a kansa farantinta, ɓaure da zuma.
Masu karta suka sandare da kati a sama.
Kore ya zuba ido, shuɗi ya zuba ido,
kowa na jiran wani ya fara cewa tir.
Ba wanda ya fara.
Duk cikinsu akwai mai uwar da ba ta koya masa ba?

Farantin ya dawo da cuku.
Ya koma da ƙwai.
Ya dawo da gyaɗar dutse, ya koma da miyar mara lafiya
a shekarar da ƙirjin Lefteris ya ƙi.

Kada in yi muku ƙarya, mazan ba su shirya ba.
Ran jana'iza Zisis ya tsaya bakin ƙofar coci,
hula a hannu, ya karɓi dafaffiyar alkamar mamaci,
ya tauna a hankali,
ya koma kujerarsa shuɗiya.
Har gobe ana kaɗa ƙuri'a kamar yadda kaka ya kaɗa.

Farantin kuwa bakinsa ya ɓalgace,
jikoki ke ɗaukarsa yanzu,
sun manta ma na wane gida ne.

Mutane sun ce tsufa ne, idona ya yi hazo,
allin ya goge ban gani ba.
Na bar su a haka.