Mai Juyi

Ƙarfe biyun dare, teku na tari a bayan taga,
ina tsaye kan Dona Ermelinda da 'yar tocila.
Shekara hamsin ta yi tana shanyar kifi a yashin Nazare,
tana juya kowanne kafin rana ta cinye gefe guda.
Tun da ƙugu ya karye ita ce a shimfiɗe,
juyi ya dawo hannuna.

Inda ƙashi ya danne nama a kan katifa
jini kan tsaya a ƙofa, an hana shi shiga.
Fata ta yi ja, ta yi ɗumi, ta soma mutuwa daga ciki,
ba ihu, ba kuka.
Shirun nan nake tsoro.

Na danna yatsa a jan da ke ƙasan bayanta, na ɗaga.
Da ya yi fari ya dawo, da na yi ajiyar zuciya.
Bai yi ba.

"Custodia, me kika gano?"
Na ce, "Gyambo ke sallama, ba mu dai amsa ba."

Na kira Abilio, muka kama zanen gado gefe da gefe,
ɗagawa muka yi, don ja yana saɓule fata.
Matashi a baya, wani tsakanin gwiwoyi,
wani ƙarƙashin ƙwauri, diddige ya rataya a iska.
Na miƙe ƙudundunen zane, na kakkaɓe ɓarɓashin burodi,
hakin da ka raina ai shi ke tsone ido.
Na wanke damshi, na tsane a hankali, ban murza ba,
na shafa mai.

Diddigen hagu kuwa da mikinsa ya zo daga asibiti.
Ruwan gishiri, sabon bandeji, sannan awo:
makon jiya faɗin kwabo,
yau ya tsuke, bakinsa ja, nama na tasowa.
Na ce gobe sai ta shanye romon da Filomena za ta kawo,
da ƙwai, da kifi, da ruwa kofi kan kofi,
don ba a ɗinke nama da yunwa.

Ta yi dariya, idonta a rufe:
"Kifin da aka manta kan gefe ɗaya,
ƙudaje ke cin gadonsa."

Na rubuta a takarda: biyu da minti goma, gefen dama.
Na kashe tocila.
Ƙarfe huɗu zan dawo.