Allura da Makulli

Shekara tara ina bisa babur a Garwa,
na san ramin da ke cin taya a hanyar Pitowa,
na san lungun da ake bi a kauce wa ɗan sanda.
Da aka ce akwai tseren daji a Lagdo
sai na yi dariya:
wanda ya haddace gari, jeji zai gagare shi?

Baba Hamajoda bai tanka ba.
Tsohon mai awon ƙasa ne, ido ɗaya ya yi yana.
Ya shimfiɗa taswira a kan tabarma,
ya danne gefenta da buta da takalmi.
Ya ce, "Layukan nan da suka matsu kamar haƙoran mataji,
hawa ne, gwiwarka za ta biya kuɗinsa.
Inda suka saki jiki, fili ne.
Shuɗin zaren nan mayo ne,
ko da ruwa a cikinsa, ko yashi zalla."

Ya sa ni ƙirga taku kamar ɗan koyon tafiya.
Sittin da uku, mita ɗari a ƙafata.
Duk ɗari, tsakuwa ɗaya
ta tashi daga aljihun dama ta koma hagu.
Ni da nake auna nisa da litar mai!

Ran gwaji na farko na riƙe kamfas a ƙirji,
allura ta nuna, na bi.
Aka ce giginya uku a bakin fadama,
muka tarar da gonar auduga da wani jaki.
Na rantse kamfas ɗin na jabu ne.
Ladidi, mai yi wa yara allura a asibiti,
ta dubi wuyana ta ce,
"Tanko, cire makullin babur ɗin nan."
Na cire.
Allura ta girgiza kai, ta koma arewa,
kamar wadda aka daɗe ana sa ta shaidar zur.

Tuƙi kuwa, Barmani ɗan masunta ya koya mana.
"Kada ka yi faɗa da ruwa, ba sa'anka ba ne.
Tsoma filafili can gaba, ja da ƙugu, ba da hannu ba.
In ka ga kunnuwa biyu a saman ruwa,
ba gaisuwa, dorina ce, mu canza hanya."
Sau biyu na kifar da mu.
Sau biyu rigar ruwa ta ɗago ni kamar gora.

Ranar tsere, tun kafin assalatu,
ƙungiya goma sha huɗu, fitila a goshi.
Aka busa usur, jinina ya ce ruga.
Ladidi ta ce, "Sha ruwa tun ba ka ji ƙishi ba,
kuma gudun ayari gudun na baya ne."
Na bayan nan, a hawan dutse na biyu,
ni ne.

Tuta ta biyar ta ɓuya.
Wasu masu jajayen riguna suka yanki hagu da gudu,
ƙafata ta so bin su.
Na tsaya. Na juya taswira ta fuskanci arewa,
na laluba aljihu: tsakuwa bakwai, saura biyu.
Muka miƙe.
Ga ta nan a bayan tsamiya, tana kaɗawa,
ba kowa wurin sai mu da wani ƙadangare.

Mu ne na tara.
Ba kofi, ba hoto, sai lemo mai ɗumi da kanta a tafin hannu.
Baba Hamajoda ya karɓi kamfas ɗinsa, ya goge da hula,
ya ce, "Makullin fa?"
Na ce yana gida, a rataye a ƙusa.
Ya miƙo min kamfas ɗin.
"Riƙe. Na baɗi da dare za a yi."