Sallama Ta Iso, Saƙo Na Hanya

Ƙarfe uku da rabi rana ta faɗi a Tartu,
ni ko fitowarta ban gani ba.
A teburina ga allon lantarki, bai cika tafin hannu ba,
cikinsa wata 'yar saba
mai shafi guda, fom guda, maɓalli guda: Adana.

Kalju ya kira daga gonarsa, can wajen Põltsamaa,
shanu arba'in da biyu, tankin madara ɗaya.
"Piret," ya ce, "na rubuta huɗu, na danna,
ya ce mini an adana.
Da asuba na tarar da sanyin a takwas.
Lita ɗari shida na tuttular a kwata."
Bai ɗaga murya ba. Da ma ya ɗaga.

Na gwada a nan. Huɗu, na danna, huɗu.
Sau sittin ina yi, na'ura garau,
kamar yaron da ya hango allura ya warke.

Na zargi burauzar wayarsa,
na zargi kaurin yatsunsa,
Allah ya yafe mini, har tsufansa na zarga.
Na ninka ma'ajiya biyu,
na bi haruffa ɗaya bayan ɗaya
ko wani ne ke rikiɗa a hanya.
Shayi ya huce sau uku.
Tõnu ya ja hularsa, ya ce gobe ma rana ce,
ya bar ni da kukan fanka.

Ran Alhamis na tuƙa kilomita sittin cikin ƙanƙara,
na kifa bokiti na zauna a ɗakin tatsa,
kwamfuta a cinya, bakina yana hayaƙi,
saniya mai lamba goma sha tara tana leƙen allona.
Intanet ɗin wurin rarrafe yake,
sai ya keta katangar dutse biyu kafin ya iso.
Na ce, "Danna mu gani."

Sai ga shi, baƙi a kan fari.
Ƙunshin farko ya iso, kan saƙo ne kawai:
ga ni, ga inda na fito,
abin da nake tafe da shi harafi ashirin da bakwai ne.
Laburaren ya ga layi fayau ba rubutu,
ya ɗauka zance ya ƙare,
ya ce an adana, ya ja ƙofa.
Ƙiftawar ido biyu, ƙunshi na biyu ya ƙaraso
riƙe da huɗun Kalju,
ya tarar da gida a garƙame.

A ofis tare suke shigowa, kafaɗa da kafaɗa,
shi ya sa shekara shida ba wanda ya ankara.
Wanda ya rubuta layin nan
bai taɓa yin baƙon da ya yi sallama
sannan ya tsaya kakkaɓe takalmi a waje ba.

Gyaran layi biyar ne.
Ƙirga abin da ya shigo.
In bai kai abin da aka faɗa ba, kada ka amsa,
zauna ka kasa kunne,
daƙiƙa biyar, in shiru ya yi yawa
ka faɗi gaskiya, ka ce ban ji ba.

Kalju ya danna. Huɗu.
Ya kashe, ya kunna. Huɗu.
Ya ɗora tafinsa a jikin tanki ya daɗe,
kamar mai taɓa goshin ɗansa da dare.

Na aika gyaran ga mai kula da laburaren,
wani Hamish a Dunedin, ban san fuskarsa ba.
Kwana goma sha ɗaya ba labari,
sai ga kalma biyu: "Kin kyauta,"
a ƙasa ya ce in cire wani waƙafi.

Har yau kujerar bayan motata tana warin cuku,
wanda Kalju ya cusa ta taga ina shirin tashi.
Maganar yatsunsa kuwa,
ban taɓa gaya masa ba.