Matar Watan Shida

Hatimi nake sassaƙawa, nan bakin gidan waya,
roba da reza, da tebur mai ɗingishin ƙafa ɗaya.
Shekara ashirin ina rubutu a juye,
hagu ta zama dama, gaba ta koma baya.

Ran Talata Modi mai kayan babur
ya karɓi aiki, aljihu babu ko sisi.
Ya ce, "Riƙe kalandar nan jingina,
daga Japan ta zo, cikin kwalin fistin."
Shekararta ta daɗe da mutuwa,
an cinye kwanakin, sai matan suka saura.

Su goma sha biyu ne. Ta watan shida ta tsayar da ni.
Ta ba ni baya, madubi a hannu,
ƙeya fara kamar an goga alli,
gashi gammo bisa gammo, an soke da tsinkaye.
Riga kan riga, na ƙirga wuya huɗu,
ni da ke cikin bazarar Sakkwato
har zufa na yi a madadinta.
Ɗamara mai faɗi, ƙulli a gadon baya
kamar goyo, amma ba ɗa a ciki.

Wani malamin zane ya zo gyaran hatimi,
ya leƙa, ya ce, "Ka san ba alƙalami ba ne?
Itace aka fafe, aka shafa launi, aka danna takarda.
Ja da katakonsa, shuɗi da nasa."
Na ajiye reza.
Na kai ido goshinta cikin madubin,
inda gashi ke fita sili-sili.
Kowane sili, wani ya bar shi tsaye
ya ƙwaƙule abin da ke gefensa,
a juye,
yana riƙe numfashi yadda nake riƙewa.
Na ce, "Sunansa ne wannan a gefe?"
Ya ce, "Na mai zane ne. Masassaƙi ba a cika sa shi ba."
Na ce, "To, can ma haka ne."

Da dare na kai wa Ige a Runjin Sambo.
Ba ta ko dubi fuskar ba.
Ta bi bakin rigar da yatsa:
"Shunin nan ya sha baba, ya fi tsoma bakwai.
Dubi igiyar ruwa, sai ka ce Rima da damina."
Ta yi shiru, ta karkata kai.
"Ƙullin nan fa, mace ba ta yin sa ita kaɗai.
Akwai wata a bayanta da ta ja, ta matse,
sannan ta kauce don a zana uwar ɗakinta."
Mu biyu muka zauna gaban fitila,
kowa na gaida wanda ba ya cikin hoto.

Na sayi guntun aduwa wurin masassaƙa.
Dare tara ina fafe Ige daga baya,
tana ɗaurin ɗankwali za ta suna Mabera:
gwiwar hannu a sama, leshi ya zamo daga kafaɗa,
bakin zane ta cije da haƙori.
Reza huɗu ta karye, babban yatsa ya sha.
Na shafa tawada, na danna da gindin cokali,
na ɗaga takardar a hankali.

Ige ta duba, ta fashe da dariya.
"Yaushe na taɓa kai ƙulli hagu?"
Shekara ashirin ban manta juyi ba,
sai ranar da na zo kan matata.

Ta ninke ta duk da haka,
ta sa ƙasan akwati, tsakanin atamfa da turare.
Modi bai dawo ba, ban kuma aika masa ba.
A rumfata har yau watan shida ne.