Karan Ɗori Ɗaya

Ƙarfe biyun dare a Samaru,
janaretan maƙwabta ya yi shiru,
saura ni da baƙin allo
da ɗigon da ke ƙyafta mini ido.

Na share wa saƙo hanya:
daga waya zuwa sabar,
sabar ta tsayar da shi a layi
kamar masu jiran mota a Kwangila,
in mai shi ya leƙo ta miƙa masa,
ta komo da shaidar ya isa.

Na rubuta -aika.
Inji bai san niyya ba.
Karan ɗori ɗaya ya gani,
sai ya daddatsa kalmar:
a daban, i daban,
ya cije a kan k, wai bai san shi ba.

Kwana uku ina zargin Gambo da ya tsara layin,
har na ƙaurace wa bencinsa wurin mai shayi.
Ashe ɗan kara guda na mance.

--aika

Wayar Lantana ta yi ƙara a Tudun Wada.
"Kin yi barci?"
tambayar da ta kwana uku a tsaye.
Ta ce, "Da na yi."