Albasar Kawu Manu

An ɗauke wuta tun la'asar.
Batir ya rage kashi sha tara.
Ni da kwamfutar aro a zauren Kawu Manu,
duk Aliero warin albasa take, har cikin fura.

Tambayar malam ba ta da gishiri:
ga kaya tsibi-tsibi, ga awoyi a ƙidaye,
nemo mafi ƙanƙantar saurin da zai gama aiki kan lokaci.
Na karanta sau uku, sai na leƙa waje.

Ashe ga ta nan zube a bakin rumfa:
buhu tara, sha huɗu, ashirin da uku, talatin.
Motar Tukur za ta ɗaga nan da awa bakwai,
shi kuwa ko uwarsa ba ya jira.
'Yan dako ba sa taɓa tsibi biyu a awa guda,
kowane tsibi da mai shi;
in sun gama da wuri, sai inuwa da hira.
Gaggawa kuma kuɗi take ci,
ta kuma ƙuje albasa.

Da fari na bi ta a ƙasa kamar mai tsintar gero:
buhu ɗaya a awa? A'a. Biyu? A'a. Uku?
Da tsibin ya kai miliyan dubu
da furfura ta riske ni a kan hanya.

Sai na tuna yadda Inna Kulu ke taya atamfa.
Ba ta hawa da naira-naira.
Tsakiya take sara.

Tsakanin ɗaya da talatin, sha biyar:
awa shida. Ya isa. Duk abin da ke sama, na sallame shi,
wanda ya fi shi sauri ai ba zai makara ba.
Takwas: awa sha ɗaya. Tukur ya wuce Jega.
Sha biyu: takwas. Saura ƙiris, amma ƙiris ba ta loda mota.
Sha huɗu: bakwai cif.
Sha uku: takwas kuma,
saboda buhu ɗaya tak da ya yi saura
shi ma awa cikakkiya yake ci.
Nan na yi tuntuɓe jiya, na zubar da ragowa,
na'ura ta yi mini ja har sau huɗu.

Tambaya biyar, ƙasa da sama suka haɗu
kamar tafin hannu biyu a kan sauro.

Na fito da gudu, ɗankwali a kafaɗa.
Kawu na tsugune yana ɓare goro.
Kafin in buɗe baki ya ɗaga murya:
"Kai, Ɗanjumma! Sha huɗu-sha huɗu za ku yi,
kada wanda ya jefa mini buhu!"

Na ce, "Kawu, wa ya gaya maka?"
Ya miƙo mini ɓarin goron.
Rabi.

Kafin in koma zaure batir ya mutu,
ban tura amsar ba.