Awon Tela

Litinin ce, kasuwar Marwa ta cika ta batse,
ina bakin shago da allura a leɓe,
sai ga ta ta gangaro ta inuwar dogon yaro
a hankali, tana gurnani ƙasa-ƙasa.
Ja ce, amma ba jan tumatir ba,
jan zoɓon da ya kwana a tulu.

Hamajoda ne a ciki, ɗan Alhaji Abbo mai fatu.
Gwiwa ce ta fara fitowa, sannan hula,
sannan ya warware sauran jikinsa.
Awon kaftani ya kawo shi.
Na auna kafaɗa, na auna hannu,
na rubuta a bangon littafi, idona na waje.
Na ce, ranka ya daɗe, bar ni in auna ta ita ma.
Ya yi dariya.
Sali, yaron shagona, ya riƙe mini bakin tef.

Hanci dogo.
Na ja, na ƙara ja, kamu huɗu ba kaɗan
kafin in iso gilashi.
Wutsiya kuwa an datse ta gajere,
kamar mai yankan ya ce, ya isa haka.
Rufinta bai kai ƙirjina ba, ni da ba dogo ba,
ya kwanta baya yana zamewa
irin ɗankwalin da iska ta tura.
Ƙofa biyu tak.
Kujerar baya, kwandon mangwaro ɗaya ya cika ta.

Shekara talatin da ɗaya ina yankan yadi,
na san inda hannu ya yi shakka.
Layi yakan yi ɗan tuntuɓe a wurin,
mai riga ba ya gani, tela yana gani.
A jikinta akwai wani layi
da ya tashi daga gefen fitila,
ya bi ta ƙarƙashin mariƙin ƙofa,
ya kumbura kan tayar baya
kamar cinyar ɗan kokawa da ya duƙa zai kama,
ya je ya mutu a wutsiya.
Na bi shi da yatsa sau biyu ina neman tuntuɓen.
Babu.
Wanda ya ja shi bai tsaya ya ja numfashi ba.

An tura tayoyin can kusurwa huɗu,
ba rarar da ke lilo gaba ko baya.
Mu teloli mukan bar yatsa biyu cikin ɗinki
don mai riga zai yi ƙiba wata rana.
Ita ko rabin yatsa ba a bar mata ba.

Sali ya zura hannu ƙarƙashinta,
taƙi ɗaya bai cika ba tsakanin cikinta da ƙasa.
Ya ce, Baba, yaya za ta yi da hanyar Mora?
Yaya za ta yi in mayo ya kawo ruwa?
Na ce, kai dai riƙe tef.

Da zai tafi ya sake ninke kansa,
ƙofa ta cije masa bakin riga,
taƙi guda na shadda yana sharar titi.
A kan kwalbatin gaban shagona
cikinta ya goga siminti, ƙiii,
har a haƙorina na ji.
Ya runtse ido. Ni ma na runtse.

Bayan isha'i na shimfiɗa yadinsa kan tebur,
na wasa almakashi,
na ce yau daga hammata har ƙasa
yanka ɗaya zan yi, ba alli, ba tsayawa.
Na yi bisimilla.
A tsakiya hannuna ya ɗan girgiza,
daidai inda ya saba.

Na tsaya ina kallon wurin har fitila ta fara ja.
Sannan na bar masa yatsa biyu.
Na ga yadda yake cin nama.